Neman shawara: jerin danna-dama ya sauya, ga kuma saƙo wai daga Microsoft

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi kusa da wata kwalejin ilimi. Wata biyu ke nan da na sauya kwamfuta na koma Windows 11. Damuwata ita ce jerin da ke fitowa idan na danna maɓallin dama na linzami. A tsohuwar, nan take nake tura fayil cikin filashin mai aiki. Yanzu sai na fara danna "Show more options" kafin in ga abin da nake nema, ga ɗalibai tsaye a kaina.

Garin neman mafita na shiga wani shafi har na ba su adireshin imel ɗina. Jiya da daddare sai ga saƙo da tambarin Microsoft, wai kwamfutata tana cikin haɗari, in buɗe fayil ɗin da suka maƙala cikin awa 24 ko a rufe ta. Na sauke shi amma ban buɗe ba, don hankalina bai kwanta ba. Akwai ayyukan kammala karatu na ɗalibai fiye da talatin a ciki, amana ce. Don Allah a taimaka mini.

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka buɗe shi, Allah ne ya tsare ka. Microsoft ba ta maƙala gyaran tsaro a imel. Ta Windows Update yake zuwa, cikin Settings, galibi ranar Talata ta biyu a kowane wata. Wannan yaudarar ta daɗe: a Satumbar 2003 wata tsutsar kwamfuta mai suna Swen ta bazu a duniya da wannan shigar, tambari da komai, tana cewa ita ce sabon gyara. Mutum da hannunsa yake shigar da cutar yana ganin magani ne.

Duba cikakken adireshin wanda ya aiko, ba sunan da ke sama kawai ba, suna kowa yana iya rubutawa. Sannan ka buɗe File Explorer, ka shiga View, sai Show, ka kunna "File name extensions". Windows yana ɓoye wutsiyar sunan fayil, shi ya sa abin da kake gani kamar pdf zai iya kasancewa exe ne, wato manhajar da ke fara aiki da zarar ka buɗe ta. Ka goge shi da Shift da Delete tare, ka sa Windows Security ya binciki kwamfutar gaba ɗaya.

Malamar kwamfuta a sakandare:
Ɗan'uwa, maganar jerin ba ta buƙatar sauke komai. Riƙe Shift sannan ka danna dama, tsohon jerin zai fito kai tsaye idan Windows ɗinka ya kai sabuntawar da ake kira 22H2. In bai kai ba, zaɓi fayil ɗin ka danna Shift da F10.

Ga wadda na fi so. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta shell:sendto, ka danna Enter. Folda za ta buɗe. Duk gajeriyar hanyar (shortcut, alamar da ke kai ka ga wata folda) da ka ajiye a cikinta za ta riƙa fitowa a ƙarƙashin "Send to". Ni na sa ta foldar sakamakon jarrabawa, na cire ta faks da ban taɓa amfani da ita ba.

Wani ɗalibi:
Yaya, akwai layin da ake sawa a rajistar Windows, inda yake adana saitunansa, tsohon jerin ya dawo dindindin. Na yi a tawa, yana aiki.

Mai gyaran kwamfuta:
Gaskiya ne ƙanena, yana aiki. Amma ba zan tura mai ayyukan mutane talatin cikin rajista ba, musamman da yake fayil ɗin wani zai je ya sauko da shi ya danna bai san abin da ke ciki ba. Shift ta ishe shi.

Mai shago irin nasa:
Abokina, ka lura da filashin ɗalibai ma. Bara wata yarinya ta kawo nata, na sa, sai na ga duk foldojinta da 'yar kibiya a gindinsu. Na danna ɗaya ban sani ba, kafin la'asar duk filashin da ya shiga kwamfutata ya kamu. Ƙwayar tana ɓoye foldar gaskiya ne ta ajiye gajeriyar hanya a madadinta. In ka ga kibiyar nan, kada ka danna. Kuma ka kwafe ayyukan nan a wani wuri yau ɗin nan.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na kunna wutsiyar, ashe sunan yana ƙarewa da .pdf.exe, adireshin kuma wasu haruffa ne barkatai, babu Microsoft a ciki. Na goge shi, bincike bai ga komai ba, ayyukan ɗalibai suna kan kwafuwa yanzu. Malama, na gwada Shift, ta yi. Saura tambaya ɗaya: shafin can da na ba imel ɗina, kalmar sirrin da na sa musu ita ce ta imel ɗin kansa. In canza?

Malamar kwamfuta a sakandare:
Canza ta yanzu, da ta duk inda ka maimaita ta, sannan ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lambar wayarka.