Karena yana jana kamar zai tsinke sarƙa, ya zan koya masa tafiya a gefena?

Baban Khalifa, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar karnuka. Ina da kare namiji, watansa 8, ruwa biyu ne: uwarsa Jaman Shefad, irin manyan karnukan Turawa, ubansa karen gida. Don gadi na kawo shi, saboda ɓarayin batirin sola sun addabi layinmu. Duna muke ce masa. A cikin gida ba shi da matsala, ka ce ya zauna ya zauna, ka kira shi ya zo. Amma da zarar na sa masa sarƙa na buɗe get, sai ya koma wani kare daban. Ya sunkuyar da kai, ya tokare ƙafafu, ya dinga jana, sarƙar tana shaƙe shi har yana kakari, amma ba zai fasa ba. In ya hango akuya ko yara na buga ƙwallo kuwa, sai na sa hannu biyu.

Abin da ya fi damuna mutanen unguwa ne. Kun san irin kallon da ake yi wa mai kare a wajenmu. Mata in sun hango mu sai su tsallaka titi, almajirai su watse da gudu, gudun nan kuma shi ke ƙara zuga shi. Wani dattijo maƙwabcina ya riga ya yi mini magana a ƙofar masallaci. Cikin mutunci ya yi ta, amma na gane saƙon.

Ina ganin yadda karnukan 'yan sanda ke tafiya daidai gwiwar mai riƙe da su, igiya a sake. Haka nake so. Mai sayar da kayan karnuka ya ce in sayi sarƙar nan mai ƙayoyi ta ciki, wani abokina kuma ya ce bulala ce maganinsa. Wanne zan bi? Ko lokacin koyon ya wuce?

Tsohon Saje

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Lokaci bai wuce ba, wata 8 ai yanzu yake tashen ƙuruciya. Bar batun bulala da sarƙar ƙaya, ka ajiye kuɗinka.

Kare ya fi mutum saurin tafiya, wannan halittarsa ce. Kuma duk ranar da ya ja ka ka bi shi, ya samu abin da yake nema: ya isa bolar da yake son shinshinawa, ya matsa kusa da akuyar. Wato kullum jan nan yana biya masa buƙata, don me zai bari? Ga kuma wata ɗabi'a tasu, in ka ja wuyan kare baya, shi gaba zai danna. Shi ya sa shaƙewar ba ta hana shi komai. Abin da za ka yi shi ne ja ya daina kai shi ko'ina, gefen gwiwarka ta hagu kuma ya zama wurin da alheri ke fitowa.

A tsakar gida za ka fara, kafin ya ci abincin safe. Dafa hantar saniya ka yayyanka ta ƙanana, girman ƙwayar wake, ka zuba a aljihun hagu. Wando mai aljihu za ka sa, jallabiya ba ta wannan aikin ba ce. Igiya a hannun dama, ta gitta ta gabanka tana lilo. Ka kai guntun hanta bakin hancinsa, ka jawo shi da ita har kafaɗarsa ta zo daidai ɗinkin wandonka. Yana isowa ka ce "yauwa" ka ba shi, hannunka manne da cinyarka. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin: sai su miƙa hannu gaba su ba shi, gobe kare ya dinga tare musu hanya yana jiran nama. Inda kake so ya tsaya, nan za ka ba shi. Kuma a take, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ka tsaya laluben aljihu har ya juya yana kallon kaza, to ladan kallon kaza ka biya shi.

Daga nan taku ɗaya, yauwa, hanta. Taku biyu, yauwa, hanta. Kana ƙara takun a hankali, kana juyawa dama, kana juyawa hagu, kana tsayawa. Sai ya gane abin sosai kafin ka sa wa wannan tafiyar suna. Kalma ɗaya tak, ka ce "gefe" misali, kuma kowa a gidan ita zai riƙa faɗa. Ba kai ka ce "gefe", Khalifa ya ce "zo nan", maigadi ya yi masa Turanci ba. Minti biyar ya isa, sau biyu ko uku a rana, ka tashi yana marmarin ƙari.

Get ɗin nan naka shi ne darasi na biyu. Ya zauna kafin ka taɓa sakata. Ka ɗan buɗe, in ya zabura ka mayar ka rufe, ba tsawa ba faɗa. Zai gane cewa zama ke buɗe ƙofa.

A titi kuma doka ɗaya ce. Igiya na miƙewa, ka tsaya cak. Kada ka fizge shi, kada ka yi masa magana. Da ya waiwayo ko ya ja da baya igiyar ta saki, ka ce yauwa ku ci gaba. In ya kafe, ka juya ka nufi inda kuka fito, in ya iso gefenka ka ba shi ladansa. Kwanakin farko mai yiwuwa ko ƙarshen layi ba za ku kai ba, maƙwabta su zaci wani abu ka yar kake nema. Ka daure. Illa dai kada yau ka tsaya, gobe kana sauri ka bar shi ya ja ka. In wani lokaci jan yana yi masa aiki, sai ya ƙara naci.

Batun akuya, tazara ce maganinsa. Ka nemi nisan da zai iya ganinta amma har yanzu yana karɓar hanta daga hannunka. In ya ƙi karɓa, kun matsa da yawa, ku ja baya. A hankali za ka riƙa rage tazarar.

Dalilin sa kare a hagu kuwa, asalinsa daga masu riƙe bindiga a hannun dama ne. Amma a nan ma yana da amfani: tun 1972 motocinmu a hannun dama suke tafiya, mai tafiya a ƙafa da ke fuskantar motoci yana gefen hagu na titi, to karen sai ya faɗo ta wajen kwata, kai kana tsakaninsa da masu babur.

Ɗan Baka

Ranka ya daɗe Saje, bayaninka ya yi, amma ni abin da na hango daban ne. Malam mai kare, in tambaye ka, ina Duna yake wuni? In a keji yake tun safe har dare, ko hantar raƙumi ka ba shi sai ya ja ka. Ƙarfi ne ya taru masa. Mu a ƙauye karnukanmu na bin mu daji ba igiya, ba don sun fi naka hankali ba. Tun suna 'yan kwikwiyo hannun mutum ɗaya ke ba su abinci, suna bin manyan karnuka suna ganin yadda ake yi, kuma kullum suna gudu har su gaji. Ba a kiwon kare ranar farauta. Ka sake shi a tsakar gida ya yi guje-guje, ka jefa masa tsohuwar ƙwallo ya ɗauko, sannan ku fita. Ni har tsumagiya nake riƙewa, ba don duka ba, in gitta ta gaban ƙirjinsa in zai wuce ni. Karen da aka saba duka, ranar da kake buƙatarsa ba zai zo kiranka ba.

Likitar Dabbobi, Zariya

Malam, kakarin nan da ka ce yana yi, maƙogwaronsa sarƙar ke matsewa, kuma in aka daɗe a haka tana iya yi masa lahani. Ka nemi ɗamarar ƙirji wadda zobenta ke gaba, in ya ja sai ta karkato da shi wajenka. In babu, abin wuya mai faɗi na fata, wanda yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da wuyan.

Hanta tana da kyau, amma in ta yi yawa za ta sa shi zawo. Duk abin lada kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincinsa na rana. Kuma don Allah ban da tsire da kilishi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare.

Ku riƙa fita bayan asuba ko gab da magariba, musamman a watannin Maris da Afrilu. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake rage zafi. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwalta, in ba za ka iya jurewa ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba.

Kafin komai dai, an yi masa allurar rigakafin haukan kare? Ana fara ta yana da wata 3, a nan kuma a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin ta, kuma asibitocin dabbobi na yi wa karnuka. Ka adana katin. Ranar da ya yagi wani yaro, shi za a fara tambayarka. In hakan ta faru, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ranar, kada a jira.

Baban Khalifa, Kaduna

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Likita, an yi masa allurar, katin na nan. Ɗan Baka, ka canka, a keji yake wuni saboda uwargida na tsoronsa. Saura abu ɗaya, Saje. Bayan asuba nake son mu riƙa fita, amma ba shi hanta a hannu yana lasar hannun, ga yawu, zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Tsohon Saje

Hukuncin na malamai ne. Abin da aka sani dai, a Malikiyya yawun kare mai rai ba najasa ba ne, Shafi'iyya da Hanbaliyya kuma sun ce najasa ne. In ranka bai natsu ba, ba dole sai da hannu ba. Ka samu dogon cokalin katako, ka ware shi na Duna ne shi kaɗai, ka shafa masa markaɗaɗɗiyar gyaɗa marar gishiri da sukari. Ka riƙe cokalin a ƙirjinka, in ya zo gefe ka ce yauwa, ka sauke cokalin daidai gwiwarka ya lasa sau ɗaya, ka ɗage. Ga mai ciwon baya ma ya fi sauƙi, ba sunkuyo. In ya fara tafiya taku ashirin ko talatin a gefenka, ka riƙa rage lasar, wani lokacin ladan ya zama ka ce "je ka" ka sassauta igiya ya shinshina gindin bishiya son ransa. Uwargida kuma ta fara da zuba masa abincin dare kana tsaye a wurin.