Ordinatar tana zafi, wasa na tsinkewa bayan ɗan lokaci, mi ne mafita?

Ɗan_Mokoyo:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu sanin harkar ordinatar ku taimaka min. Ina da laftof ta wasa ƴar gwanjo, furosesa i5-9300H da katin hoto GTX 1650, RAM giga 8. Lokacin sanyi lahiya lau nake buga GTA V da PES 2021, FPS, wato yawan hotunan da wasa ke nunawa a daƙiƙa ɗaya, na zama wajen 60 ba wata matsala, amma tunda zafin ga ya shigo abin ya canza, in na kunna wasa da farko komi daidai sai can bayan kamar minti goma ta fara tsinkewa ta sauko 20 wani lokaci ma 15, fanka na ta ƙugi har daga tsakar gida ana ji, saman kilabiye wajen W da A ba ya taɓuwa. Jiya da kanta ta mutu ana tsakiyar mach. Na rage garafik, na sake direba, na goge Windows na sa sabo, duk a banza. Wani mai gyara ya ce katin hoton ne ya kusa mutuwa wai in sayar in huta. Da wahala na tara kuɗin nan wallahi, zuciyata ba ta yarda ba.

Mai_Gyara_Zariya:
Wa alaikumus salam ƙanena, kar ka sayar. Katin da ke mutuwa ba haka yake yi ba, layi-layi za ka gani a ekaran ko launuka su rikice ko ya ƙi kawo hoto gaba ɗaya. Wanda ya yi maka minti goma lahiya sannan ya sauko, zafi ne. Furosesar nan taka iyakarta digiri 100, in ta kusa kaiwa da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, daga 4.1 GHz sai ka ganta ta faɗo ƙasa, wani lokaci har 0.8. Shi ma katin Nvidia na laftof in ya kai wajen 87 haka yake ja da baya. Kuma ka tuna galibin masu ƙera su sun ce a yi aiki da su inda zafi bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa nan Maraɗi Afrilu da Mayu sama da 40 muke sha, in ɗakinka na kwano ne ba sai na faɗa maka ba.

Kafin ka kashe ko dala, sauko da HWiNFO ko MSI Afterburner, masu nuna zafi da gudun furosesa da kati, kyauta ne, ka bar shi buɗe ka yi wasa har ta fara tsinkewa, ka dawo ka faɗa mana lambobin.

Amma tun yanzu ina da tabbacin ƙura ce. Duk laftof ɗin da ta ga hunturu a garin nan ba a buɗe ta ba, in ka cire fanka ka leƙa tsakaninta da siraran haƙoran ƙarfen nan da iska ke fita, za ka tarar ƙura ta dunƙule kamar auduga ta toshe hanya ruf, daga waje ba ka ganinta ko kaɗan. Fanka na juyawa har tana kuka amma iska ba ta fita. Sa hannu bayan mashin ɗin lokacin da take ƙugi, in iskar ƴar kaɗan ce ka ji to shi ke nan.

Abokin_Mach:
Aboki ka duba caja ma. Irin wagga laftof caja mai watt 135 ko 150 take so, masu gwanjo kuma sau da yawa ta watt 65 ko 90 suke haɗo ka da ita tunda bakin ya shiga. Karanta abin da aka rubuta a bayanta. Sannan in an ɗauke kuran kar ka ce za ka ci gaba da batir, a batir da gangan take rage ƙarfin katin, akwai ma saitin Nvidia da ke tsaida wasa a FPS 30. Ni dai in zafi ya yi yawa ƙanƙara nake sayowa in naɗe a tsumma in sa ƙarƙashi.

Mai_Gyara_Zariya:
Maganar caja gaskiya ce, amma ƙanƙara a'a don Allah, bar wannan. Raɓa take tarawa, fanka ta ja danshin ta kai shi kan kat mer, babban allon da komi ke haɗe a kansa, ranar da ya haɗa waya biyu kuɗin gyaran ya fi ƙarfin ka. Ɗaga bayanta kawai da ɗan katako iska ta samu hanya, kar a ɗora ta kan katifa ko darduma.

Ɗan_Mokoyo:
Yaya na gwada. Furosesa 97 zuwa 99, katin hoto 86, wajen Thermal Throttling, wato rage gudu saboda zafi, ya rubuta Yes da ja, gudun kuma na saukowa daidai lokacin da wasan ke tsinkewa. Caja 150 ce. Iskar da ke fita ta baya kuwa da ƙyar nake jinta. In buɗe da kaina ko in kai?

Mai_Gyara_Zariya:
To ka gani, katinka ƙalau yake. In hannunka ba ya rawa kana iyawa. Kashe ta, cire caja, kwance murfin ƙasa ka jera kusoshin yadda ka ciro su don tsawonsu ba ɗaya ba ne, abu na farko ka zare igiyar batir daga kat mer. Ciro fankokin, share haƙoran ƙarfen da buroshin haƙori busasshe, in za ka hura iska riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyi. Man da ke kan furosesa da katin, wanda ke kai zafinsu ga ƙarfen sanyaya da ke ɗaure a kansu, ma tabbas ya bushe, mashin ɗin zamanin 2019 ne, goge shi da alkol mai ƙarfi na famasi ka sa sabo mai kyau irin Arctic MX-4, ɗan ɗigo ya isa. Farin man nan mai arha da ake sayarwa a sirinji ba suna, wata biyu ya bushe. Ƴan katifun roba masu laushi da za ka gani kan ƙananan cip na gefe kar ka cire su, kar ka sa mai a madadinsu, kuma in za ka ɗaure ka bi lambobin da ke jikin ƙarfen 1, 2, 3, 4 a hankali.

Kafin ka samo man, shiga Options d'alimentation na Windows, cikin paramètres avancés nemo État maximal du processeur ka maida shi 99 maimakon 100, wannan na kashe turbo, wato ƙarin gudun furosesa, ta tsaya wajen 2.4 GHz, zafin zai sauko sosai kuma ga PES ba za ka ji bambanci ba. Ka tsaida FPS a 60, ka bar wasan tsakar rana sai bayan isha'i.

Abokin_Mach:
In ka buɗe leƙa wajen RAM ma, in guda ɗaya ce mai 8 kuma ɗayan ramin ba komi, ƙaro wata 8 DDR4 irinta, biyu tare sun fi gudu kuma GTA zai daina wannan ƴar tsayawar in kana tuƙi cikin gari. Ɗauki hoton takardar da ke jikinta ka tafi da shi kasuwa kar su ba ka ta babbar ordinatar.