Tafinta a gefen dandamali ya wadatar, ko kurame ne ya kamata su hau su yi wasan?

Sabo Mai Dirama, Kano:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina cikin wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta sa-kai, kuma an gayyace mu mu yi wasa a taron ranar masu buƙata ta musamman ta duniya, wadda ake yi kowace 3 ga Disamba. Masu shirya taron sun sanar da mu cewa yawancin 'yan kallon kurame ne, sannan akwai makafi da masu keken guragu. Shawarar da muka fara yankewa ita ce mu ɗauko wani wasa da muka saba yi a kan rikicin gado tsakanin 'yan uba, mu nemi tafinta ya tsaya a gefen dandamali yana mayar da maganganunmu zuwa maganar hannu. To amma kanmu ya rabu, domin wasu daga cikinmu suna ganin yin haka fita haƙƙi ne kawai, wasu kuma suna cewa ba mu da lokaci ko kuɗin da za mu yi abin da ya wuce haka. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su ba mu haske: shin tafinta guda ya isa? Idan ya isa, da wace maganar hannun zai yi, tunda an ce mini ba iri ɗaya ba ce? Su kuma makafi, yaya za mu yi da su?

Malama Rabi, tafinta, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam Sabo. Aikina ne wannan, amma duk da haka ba zan ɓoye maka ba: tafinta a gefen dandamali shi ne mataki mafi ƙasa, ba mafi kyau ba. Mai ji yana kallon ɗan wasa da ido, yana sauraronsa da kunne, a lokaci guda. Kurma kuwa da ido yake yin duka biyun, saboda haka dole ya zaɓa, ko ya kalli 'yan wasa ya rasa abin da suka ce, ko ya kalle ni ya rasa abin da suka yi. A wasan gado irin naku, lokacin da yaya ya fizge takardar gida daga hannun ƙanensa, idon kurma yana kaina ina ƙarasa jimlar da ta gabata; kafin ya waiwaya an riga an fizge, zaure ya ɗauki shewa, shi kuma bai san me aka yi ba. Dariyarsu takan zo ne bayan ta kowa ta lafa.

Idan har ba makawa sai an yi da tafinta, to ga abin da zan ce. Ku ɗauki mutum biyu, ba ɗaya ba, domin hannu da ƙwaƙwalwa suna gajiya, kuma a ƙa'idar aikinmu akan karɓi juna bayan minti ashirin zuwa talatin. Ga shi kuma mutum ɗaya ba zai iya zama uwa da kishiya da alƙali a cikin gardama ɗaya ba tare da ya rikita mai kallo ba. Ku ba su rubutun wasan da wuri, su kuma halarci gwajinku kamar kowane ɗan wasa. Ku shigo da su cikin dandamalin, kowa yana bin bayan ɗan wasan da yake fassarawa, maimakon ku ajiye su a lungu kusa da lasifika. Ku tanadar musu fitilar da ba ta mutuwa ko da an rage hasken dandamali, kuma su sa tufa mai launi ɗaya, domin atamfa mai zane tana haɗiye motsin yatsu. Fuska ma ba a rufe ta, saboda ɗaga gira da motsin baki suna cikin nahawun harshen.

Game da tambayarka ta biyu, gaskiya aka gaya maka. Wadda ake koyarwa a makarantun kurame ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani baƙar fata ɗan mishan wanda shi ma kurma ne, ya yaɗa ta hanyar makarantun da ya buɗe a ƙasashen Afirka, ciki har da ta Ibadan a 1960. Ita wannan tana tafiya da haruffan Turanci. Akwai kuma maganar hannu ta gida, wadda kuramen ƙasar Hausa suka gada tun kafin boko, wadda Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi bincike a kanta a Kano, ta fitar da littafi a 2000. Ɗalibin makarantar kurame ta Tudun Maliki da dattijon da ke sana'a a kasuwar Kurmi ba lalle ba ne su fahimci tafinta ɗaya daidai wa daida. Ku tambayi masu taron su wane ne za su zo kafin ku ɗauki kowa.

Auwalu Fagge:

Malam Sabo, ni kurma ne. Sanƙarau ne ya tafi da jina bayan na riga na iya karatu da rubutu, shi ya sa nake iya rubuta Hausa haka. Yawancin 'yan'uwana da aka haifa da kurumta, idan sun yi makaranta, Turanci suka koya a rubuce, Hausar boko kuwa baƙuwa ce a wurinsu. Na faɗi wannan ne domin kada wani ya ce a sa rubutu a allo an gama magana. Rubutun zai taimaki wasu, amma ba zai kai ga kowa ba.

Duk abin da Malama Rabi ta faɗa daidai ne, sai dai ni tambayar ce nake ganin an ɗora ta a karkace. Kuna tambayar yadda za ku isar mana da wasanku, ba ku tambayi ko muna da namu ba. Duk wanda ya taɓa zama a majalisar kurame da yamma ya san cewa ba da labari a wurinmu wasan kwaikwayo ne tun asali. Idan mutum zai ba da labarin yadda ɗan sanda ya tare ɗan acaɓa, zai zama ɗan sandan, ya turo ciki, ya ɗaga hannu. Sai ya ɗan karkata kafaɗa ya zama ɗan acaɓan yana lalube a aljihu. Ya sake karkatawa ya zama fasinjar da ke baya tana gyara mayafi tana harara. Mutum uku a jiki ɗaya, ba tufa, ba kayan wasa, kuma babu wanda zai ruɗe da wane ne wane. Abin da ɗan wasa mai ji yake shekaru yana koyo, mu da shi muke sayen tumatir.

A wasu ƙasashen an daɗe da gane haka. A Amurka an kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kurame ta ƙasa tun 1967, ta zagaya duniya tana wasa ga masu ji da marasa ji. A Los Angeles akwai Deaf West, wadda aka kafa a 1991, kuma tsarinsu shi ne wanda nake so ku duba: kurma ne yake riƙe da rawar a tsakiyar dandamali yana maganar hannu, wani ɗan wasa mai ji kuma yana furta kalmomin da murya domin masu ji. Wato an juya abin, mai ji ne ya koma tafinta. Da wannan tsarin suka kai wasanninsu har manyan gidajen wasa na New York, inda mutane suke biyan kuɗi mai yawa su shiga, ba don tausayi ba. A 2022 kuma Troy Kotsur, wani kurma da ya daɗe yana wasa da wannan ƙungiyar, ya ci kyautar fina-finai ta Oscar.

Mu kuwa a nan, in ka ga kurma a fim, to mai ji ne ya sa yagaggiyar riga yana gwalangwaso da hannu yana ihu, alamun da yake yi ba su da ma'ana a kowace maganar hannu, an kawo shi ne a yi dariya a wuce. Wannan yana mana ciwo fiye da rashin tafinta.

Shawarata ita ce ku je wurin ƙungiyar kurame ta unguwarku ko ta jiha, ku nemi mutum uku ko huɗu masu iya ba da labari, ku zauna ku gina wasan tare. Ba sai kun jefar da jigon gado ba, domin babu abin da ya fi shi taɓa mu: ku sa ɗaya daga cikin magadan ya zama kurma, wanda 'yan'uwansa suke raba dukiyar a gabansa suna magana ta saman kansa, a gaban alƙali kuma wanda yake fassara masa shi ne yayan da yake son cinye rabonsa. Ba za ku sha wahalar rubutu ba, su za su ba ku abin da ya faru da su. Wannan hanya ma ba baƙuwa ba ce a Arewa, domin sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi suna tun shekarun 1970 da shiga ƙauyuka a gina wasa daga bakin manoma, ba daga littafi ba.

Abubuwa kaɗan za ku kiyaye a wurin gwaji. Ɗan wasa kurma ba ya juya wa 'yan kallo baya yana magana, kuma ba a cika masa hannu biyu da kaya a lokacin da yake da abin faɗa. Babbar riga tana da kyau, amma sai an naɗe hannunta a kafaɗa. Alamar shigowa kuwa ba da kira ake ba da ita ba: ko a ƙyafta fitila, ko a buga ƙafa a dandamalin katako, ko a doka babbar ganga, domin muna jin girgizarta a ƙafa da ƙirji. In an gama, ku gaya wa masu ji su ɗaga hannuwa sama suna kaɗawa, tafinmu ke nan.

Malam Isa, Tudun Wada, Zariya:

Malam Auwalu ya yi magana mai nauyi, amma a matsayina na makaho ina da ja a wuri ɗaya. Wasan da aka gina kacokan a kan motsin jiki, ni a wurina zaure ne da ya yi tsit, sai ƙarar takalma. Abin da ya buɗe muku ƙofa shi ne ya rufe mana, saboda haka muryar nan da ya ambata kada ta tsaya ga fassara maganar hannu kawai, sai ta riƙa faɗin abin da ke faruwa. Ba sai an sayi na'urar kunne da ake yi wa makafi bayani ta cikinta ba. Ku sa mai ba da labari a cikin wasan, ko maroƙi, ko wata tsohuwa mai gulma da ke leƙe ta katanga tana cewa ga shi can ya zaro takardar daga ƙarƙashin tabarma. Masu wasan rediyo sun daɗe da ƙwarewa a wannan. A Ingila akwai ƙungiyar wasan kwaikwayo ta nakasassu mai suna Graeae, wadda aka kafa a 1980, da ta yi fice wajen saƙa bayanin da maganar hannu a cikin wasan kansa tun daga rubutu, kuma shugabarta a lokacin, Jenny Sealey, wadda kurma ce, tana cikin mutum biyun da suka tsara bikin buɗe gasar wasannin nakasassu ta London a 2012. Kafin a fara kuma, ku bar makafi su hau dandamali su shafa kayan wasan, kowane ɗan wasa ya gabatar da kansa da muryar da zai yi amfani da ita.

Wani abu kuma, ɗan'uwa Sabo, ku guji wasan neman tausayi. Na halarci irin waɗannan tarukan inda ake tafa wa yaro tun bai buɗe baki ba, manyan baƙi su yi hoto su tafi kafin a kai rabin wasa. Aliyu Namangi na nan Zariya makaho ne, amma ba don makantarsa malamai suke nazarin Imfiraji a jami'o'i ba, sai don ƙarfin baitocinsa. Da wannan ma'aunin za ku auna 'yan wasanku: wanda bai iya ba a gyara masa, wanda ya makara gwaji a yi masa faɗa, kuma in akwai kuɗin sallama a biya kowa daidai.

Hauwa'u Gusau:

Ni tawa gajeriya ce. Ku je ku duba zauren da kanku tun yanzu. Sau da yawa akan yi gangare a ƙofar shiga a manta da dandamali, kamar dai an ɗauka cewa mai keke kallo kawai yake zuwa yi. An taɓa ɗaga ni da kekena ɗungurungum a gaban jama'a domin in karanta waƙa, kuma ba na yi wa kowa fatan haka. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya wuce, amma kada ku dogara da hakan. Kafinta zai iya haɗa muku gangaren katako mai faɗi, marar tsayuwa sosai. Ku duba bayan gida ma.

Sabo Mai Dirama, Kano:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Mun zauna jiya, kuma mun amince mu bi shawarar Malam Auwalu tare da mai ba da labarin da Malam Isa ya kawo. Abin da ya rage mana shi ne, babu ko ɗaya daga cikinmu da ya iya maganar hannu, to yaya daraktanmu zai yi aiki da 'yan wasan da ba ya iya magana da su?

Malama Rabi, tafinta, Kaduna:

Tafintan da kuka yi niyyar ɗauka domin ranar taro, ku ɗauke shi domin kwanakin gwaji, a nan ne kuka fi buƙatarsa. Sannan ku naɗa ɗaya daga cikin kuramen mataimakin darakta, ya zama shi ne mai yanke hukunci a kan duk abin da ya shafi alamu, domin shi ne zai san wadda ɗalibi da dattijo za su gane tare, da wadda za a iya gani daga kujerar ƙarshe. Daraktanku ya riƙa duban ɗan wasan idan yana masa magana, ba tafinta ba, kuma ku yi gwajin a wuri mai haske, a zaune a da'ira yadda kowa yana ganin hannun kowa. Layukan gaba na zauren kuma a keɓe su ga kurame tun kafin manyan baƙi su iso.