Ruwan mahaƙa mai asid: a fara da ciro jan ƙarfe ko da zuba farar ƙasa?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan ruwan da ke tsattsafowa daga tsoffin ramukan haƙar jan ƙarfe ce. Mu ɗauki misali don lissafi ya zo da sauƙi: ruwa na fita lita 10 a sakan, pH 2.5 (ma'aunin asid ne, ƙaramar lamba na nufin asid mai ƙarfi), kowace lita na ɗauke da miligiram 200 na jan ƙarfe, 300 na baƙin ƙarfe (kusan duka Fe³⁺, wato narkakken baƙin ƙarfe mai caji uku), 80 na tutiya, 50 na alminiyam, salfet (gishirin farar wuta) kuma wajen 3,000. Abin da aka saba shi ne a zuba farar ƙasa komai ya kwanta, amma ka ga jan ƙarfen ya tafi cikin laka ke nan. Akwai hanyar ciro shi tukuna? Ruwan da ya rage zai iya komawa amfani? Sannan me ya sa ramin da aka daɗe da barin aiki a cikinsa bai daina fitar da asid ba?

Malamar Kimiyya:

Wa alaikumus salam. Bari in fara da ta ƙarshen, don ita ce tushen sauran. Asid ɗin daga fairait yake fitowa, wato FeS₂, ma'adinin da kusan kullum yake tare da duwatsun jan ƙarfe. Muddin yana binne ba ya taɓa kowa. Da an farfasa shi ya haɗu da iska da ruwa:

4FeS₂ + 15O₂ + 14H₂O → 4Fe(OH)₃ + 8H₂SO₄

Ma'ana kilo 120 na fairait na haifar da kilo 196 na asid. Idan pH ya sauka ƙasa da 3, Fe³⁺ yana zama a narke, shi ma sai ya riƙa cin fairait da saurin da ya fi na iska. Bakteriyar Acidithiobacillus ferrooxidans kuma tana mayar da Fe²⁺ (baƙin ƙarfe mai caji biyu, wanda cin fairait ɗin ke haifarwa) ya koma Fe³⁺, abin ya yi ta zagayawa. Saboda haka rufe kamfani ba ya tsayar da komai, sai fairait ɗin da iska ke kaiwa gare shi ya ƙare. Kogin Rio Tinto a Sifen, inda aka yi dubban shekaru ana haƙa, har yau pH ɗinsa yana wajen 2.

Game da farar ƙasa, kada ka yi lissafi da pH kaɗai, nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Yawancin asid ɗin a cikin ƙarafan yake ɓoye, sai sun fara kwanciya yake fitowa. A misalinka, idan aka auna asid ɗin da yawan CaCO₃ (dutsen farar ƙasa) da zai kashe shi a kowace lita: pH 2.5 na ba da kusan miligiram 160, baƙin ƙarfe 806, alminiyam 278, jan ƙarfe 315, tutiya 122. Jimilla wajen 1,680. Ka ga rabon pH bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Idan da Ca(OH)₂ (farar ƙasar da aka gasa aka jiƙa) za a yi aiki, a ninka da 0.74, a samu giram 1.24 a lita. Ruwanka lita 864,000 ne a rana, ke nan tan ɗaya da 'yan kai kullum, kuma a aikace a ɗan ƙara domin ba duka yake narkewa ba.

Kowane ƙarfe da inda yake kwanciya: Fe³⁺ tsakanin pH 3 da 4, alminiyam wajen 5, jan ƙarfe daga 6 zuwa sama, tutiya sai an kai 9 zuwa 10. In aka zarce da yawa, alminiyam da tutiya suna sake narkewa.

Ɗan Maƙera:

Malama ta shimfiɗa tushe. Ni kan ciro jan ƙarfen zan tsaya. Kilo 173 ne yake wucewa a rana a misalin nan, bai kamata a binne shi ba.

Hanya mafi tsufa ita ce a bi da ruwan ta kan tarkacen baƙin ƙarfe: Fe + Cu²⁺ → Fe²⁺ + Cu. Baƙin ƙarfe ya narke, jan ƙarfe ya manne a jikinsa kamar jan gari. An yi haka da ruwan ramin Berkeley da ke Montana a Amurka, wanda ya fara cika bayan an kashe famfunan da ke zuƙe ruwan a 1982. A takarda kilo 0.88 na baƙin ƙarfe ya ishi kilo ɗaya na jan ƙarfe, wato kilo 152 a rana. A zahiri ba haka ba ne, domin Fe³⁺ ma yana ci: Fe + 2Fe³⁺ → 3Fe²⁺. Fe³⁺ ɗin da ke ruwan misalin nan zai lashe kusan kilo 130 a banza, asid ɗin kuma ya ci nasa yana fitar da haidirojin. Ka shirya wa ninki biyu na abin da takarda ta ce.

Tarkacen ya zama siriri mai faɗin fuska, irin gwangwanin da aka cire wa kuza da fenti, ko sassaƙen injin da aka wanke wa mai. Ƙarfe mai kauri yana lulluɓewa da jan ƙarfe aiki ya tsaya, don haka ake juya shi a cikin ganga ko a fesa ruwa da ƙarfi garin ya zube. A riƙe pH tsakanin 2 da 3: ƙasa da haka asid ya cinye tarkacen, sama da haka tsatsa ta kwanta ta gurɓata garin. Kada a bar garin yana shan iska a jiƙe, zai koma oksaid ya sake narkewa. Idan akwai arsenik (wani sinadari mai guba) a ruwan, to wurin ya zama a buɗe, don iskar arsin na iya tashi kuma kisa take yi.

Tutiya ba za ta fito ta wannan hanya ba, ta fi baƙin ƙarfe son zama a narke.

Injiniyan Ruwa:

Ɗan Maƙera, hanyarka na aiki, amma ni ba ita zan zaɓa wa wannan ruwan ba. Duba abin da ke fita ta ɗaya ƙarshen: baƙin ƙarfen da ke lita ya tashi daga miligiram 300 zuwa sama da 620, kuma duka ya zama Fe²⁺. Shi kuwa Fe²⁺ ba ya kwanciya sai pH ya kai wajen 9, ko an hura masa iska. Miligiram 1 na oksijin yana juya 7 na Fe²⁺, ana buƙatar wajen 90 a lita ke nan, alhali ruwa mai zafin digiri 25 wajen 8 kawai yake riƙewa. Dole injin hura iska ya yi ta aiki. Yawan farar ƙasar ba zai canza ba, gaskiya ne, amma lakar baƙin ƙarfe ta ninka.

Ga tsarin da na fi gamsuwa da shi. A fara da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa a kai pH 3.5 ana motsawa, Fe³⁺ ya kwanta a janye shi. Kada a wuce 4, domin daga nan lakar na fara jan jan ƙarfen tare da ita. Kuma niƙaƙƙe na ce, ba tsakuwa ba: tsakuwa tana yin ɓawon tsatsa da jibsam (gishirin da farar ƙasa da salfet ke haɗuwa su yi), cikinta na nan lafiya amma ruwa ba ya taɓa shi.

Bayan haka a sa salfaid (sinadarin farar wuta da ke kama ƙarafa), misali NaHS, kusan kilo 0.88 ga kowane kilo na jan ƙarfe. CuS (salfaid ɗin jan ƙarfe) yana kwanciya ko a ruwa mai asid sosai, ZnS (na tutiya) kuwa sai pH ya ɗan hau, don haka ana raba su a tankuna biyu, kowanne ya fito da abin da masana'antar narka ƙarfe za ta karɓa. Dalilin cire Fe³⁺ da farko shi ne yana mayar da salfaid farar wuta, a yi asarar magani. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba salfaid fiye da kima: ƙwayoyin su fito ƙanana su ƙi kwanciya, rarar kuma ta tashi a matsayin H₂S, iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan iskar daga wajen 100 ppm (kashi 100 cikin miliyan) hanci yana daina jin warinta, don haka tanki a rufe da na'urar gargaɗi wajibi ne.

Masu tunanin tsotse jan ƙarfen da sinadarin da ake narkawa a kananzir sannan a ciro shi da lantarki: hanya ce mai kyau, tana ba da tsarkin kashi 99.99, amma an gina ta ne don ruwa mai giram ɗaya ko fiye a lita. Giram 0.2 ya yi kaɗan.

Mai Neman Sani:

Allah ya saka da alheri. To bayan an cire ƙarafan an kai pH 9, ruwan ya shawu?

Injiniyan Ruwa:

A'a, salfet na nan. Jibsam yana narkewa wajen giram 2 a lita, shi ya sa farar ƙasa ba ta sauke salfet ƙasa da miligiram 1,500 zuwa 2,000, alhali tun daga 'yan ɗaruruwa ake jin ɗanɗanonsa. Ruwan zai yi aikin niƙa dutse da kwantar da ƙura a mahaƙar, wannan kaɗai ya rage ɗibar sabon ruwa.

Don sha sai an matsa shi ta tantani mai tace gishiri. Ana yi: matatar eMalahleni a Afirka ta Kudu tun 2007 take mayar da ruwan ramukan kwal ruwan sha. Matsalar ita ce ruwan ya riga ya ƙoshi da jibsam, da an fara matse shi sai jibsam ɗin ya daskare a fuskar tantanin. A rage kalsiyam da Na₂CO₃ tukuna, a sa maganin hana ɓawo, a tabbatar baƙin ƙarfe da manganis sun fita, kuma kada kulorin ya kai ga tantanin don yana cinye shi. A ƙarshe a gwada da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: jan ƙarfe miligiram 2 a lita, arsenik da dalma 0.01, kadmiyam 0.003.

Malamar Kimiyya:

Ƙarin abu ɗaya, Injiniya. Lakar da aka tara ba a gama da ita ba: idan ruwa mai asid ya sake ratsa ta, tutiya da kadmiyam za su narke su dawo. A ajiye ta nesa da tulin dutsen da ke ɗauke da fairait. A riƙa mayar da wani kasonta cikin tankin farar ƙasa ma, sabbin ƙwayoyi su girma a kan tsoffi, daskararren abin da ke cikinta ya tashi daga kashi 2 ko 3 zuwa 20 ko fiye. Shi kuwa tulin, a auna farar wutar da ke cikinsa tun kafin a zubar: kowane kashi 1 cikin 100 na buƙatar kilo 31.25 na CaCO₃ a tan. Dutsen da farar wutarsa ta fi ƙarfin hakan a nutsar da shi ƙarƙashin ruwa ko a rufe da yumɓu a daddaɓe, domin oksijin yana ratsa ruwa da jinkirin kusan sau 10,000 idan aka kwatanta da iska.