Idan na yafe wa ɗan'uwana, dole ne in bar masa kuɗin?

Malamin Firamare, Mabera

Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata kafin na yanke shawarar kawo ta gabanku.

A watan Maris na bara, lokacin da albasa take arha, wani ɗan'uwa da muka shekara fiye da goma muna waƙa tare a ƙungiyar mawaƙan ikilisiyarmu ya same ni da shawarar cewa in kawo jari, shi kuma ya sayi albasa a hannun manoman Wurno da Goronyo, a zuba ta a rudu, wato ma'ajiyar albasa, a jira har ƙarshen shekara ta yi tsada, sannan mu raba riba. Na ba shi naira 800,000, wanda 500,000 tarin da na yi ne daga albashina, sauran 300,000 kuwa adashen matata ne da ta kwasa a wannan watan. Ba mu rubuta komai ba, domin a lokacin ina ganin neman takarda a wajen ɗan'uwa cikin Almasihu cin fuska ne. Da damina ta yi nisa ya zo ya ce mini ruwa ya shiga rudun, albasa ta ruɓe gaba ɗaya, ni kuma na ɗauka jarrabawa ce, har ni ne na riƙa ba shi haƙuri. Sai a watan Disamba, a kasuwar Kara ta Sakkwato, wani dillali da bai san da hannuna a cinikin ba ya ba ni labarin yadda shi da kansa ya sayar masa da albasar lafiya lau, aka loda ta a motar Legas.

Da na tunkare shi, da fari ya musanta, daga baya ya ce abin da ya wuce ya wuce, kuma Kirista ba ya riƙe mutum a zuciya. Dattawa biyu da na kai wa kuka sun ce in yafe domin zaman lafiyar ikilisiya. Tun daga nan an ci Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke tarayya a kansu don tunawa da mutuwar Yesu, sau uku ban miƙa hannu ba, kuma duk lokacin da muka zo wurin neman gafara a cikin Addu'ar Ubangiji, inda muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai in ji bakina ya yi nauyi. Shin yafewa tana nufin in bar masa kuɗin? Kuma wajibi ne in yafe wa wanda bai amsa laifinsa ba, balle ya tuba?

Tsohon Mai Bishara, Arkilla

Ɗana, sannu da wannan nauyi. Na ji daɗi da ka ce bakinka yana nauyi a wurin addu'a, domin alama ce ta lamiri mai rai. Wanda ya ci kuɗin kuma yake rera waƙa ba tare da muryarsa ta rawa ba, shi ne abin tausayi.

Dattawanku sun faɗa maka rabin gaskiya. Mu masu wa'azi muna da halin buɗe Matiyu sura 18 daga aya ta 21, inda Bitrus ya tambaya ko yafe wa ɗan'uwa sau bakwai ya isa, Yesu kuma ya amsa masa da bakwai sau saba'in, mu tsallake aya ta 15 zuwa 17 kamar ba bakin Yesu ɗaya ne ya faɗe su ba. A waɗannan ayoyi Ubangiji ya ce idan ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka je ka nuna masa laifinsa tsakaninku biyu, idan bai saurara ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu domin shaida, idan ya ƙi jin su ka kai maganar gaban ikilisiya. Kai ka yi matakin farko. Abin da ya rage shi ne na biyu da na uku, kuma wanda ya ce ka binne maganar domin zaman lafiya, ya hana ka bin umarnin da Yesu ya bayar ne, ko da nufinsa na alheri ne.

Ka kuma duba misalin da ya biyo baya, na bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000, shi kuma ya shaƙe wuyan abokin bautarsa saboda dinari 100. Ana yawan cewa dinari 100 ba komai ba ne, amma a Matiyu sura 20 dinari ɗaya shi ne ladan ɗan ƙwadago na yini guda, ka ga ke nan dinari 100 gumin fiye da wata uku ne. Yesu bai raina asarar wanda aka cuta ba. Abin da ya yi shi ne ya ajiye ta kusa da wani bashi da ba shi da iyaka, domin talanti ɗaya ya kai kimanin dinari 6,000, wato bashin bawan farko ya tasam ma dinari miliyan 60. Laifin wannan bawa shi ne shaƙe wuya da jefawa kurkuku bayan an durƙusa an roƙe shi jinkiri. Saboda haka abin da ake nema ka saki shi ne hannun da ke wuyan ɗan'uwanka, wato fatan ya tozarta, da jin daɗi in ka ji sharri ya same shi, da yawo da sunansa a bakin mutane. Romawa 12:19 ta ce ramuwa ta Allah ce. Wannan sakin ba ya jiran tubansa, kamar yadda Yesu a kan gicciye da Istifanas lokacin da ake jifansa da duwatsu suka roƙa wa masu kashe su gafara alhali babu wanda ya tuba a cikinsu tukuna.

Kuɗin kuwa maganarsu daban ce. Littafin Firistoci sura 6 ya yi maganar irin wannan abu kai tsaye: wanda ya ci amanar ajiyar da aka ba shi, ya kuma yi ƙarya a kai, sai ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, tare da kawo hadayarsa. Zakka mai karɓar haraji ma, a Luka sura 19, da ya tuba ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta, a nan ne Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan. Idan ka bar wa mutumin nan kuɗin a kan ƙaryarsa, ba ka taimaki ransa ba, ka dai koya masa cewa kalmar gafara mabuɗin aljihun 'yan'uwa ce, gobe kuma wata gwauruwa zai zo wa da labarin albasa. In ya amsa laifinsa, ka ga da idonka ba shi da halin biya, sai ka yafe masa bashin da zuciya ɗaya, wannan kyauta ce mai daraja a gaban Allah. Amma kyauta ba a ƙwace ta da wa'azi.

Game da sake yarda da shi, ka tuna Yusufu. Bai rama abin da 'yan'uwansa suka yi masa ba, duk da haka daga Farawa sura 42 zuwa 44 sai da ya gwada su, ya ga yadda za su yi da Biliyaminu, kafin ya bayyana musu kansa.

Uwar Zumunta, Runjin Sambo

Baba ya yi magana, ba ni da abin da zan ƙara a kan nassi. Sai dai akwai mutum ɗaya da na ga an wuce ta a cikin wannan zance, ita ce matarka. Ɗana, naira 300,000 da ka ambata ba naka ba ne da za ka zauna kana tunanin ko ka yafe ko kada ka yafe. Mu da muke zubin adashe mun san yadda ake tara shi, daga cinikin ƙosai da kunu da ɗinki, ana hana kai sabon zane har a kai ga kwasa. Ka taɓa zama ka tambaye ta abin da ke ranta? Ka taɓa roƙonta gafara a kan ka ɗauki guminta ka damƙa wa mutum ba takarda ba shaida? Ba ina ɗora maka laifin ɓarawo ba ne, amma Matiyu 5:23 da 24 suna magana a kan wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da wata magana a kansa, suka ce ya bar baikonsa a gaban bagade ya je su shirya tukuna. Mai yiwuwa sulhun da ya fi kusa da kai yana cikin ɗakinka.

Abu na biyu, kada ka zaci yafewa aikin rana ɗaya ne. Lokacin da maigidana ya rasu, danginsa suka sayar da filin da muka saya tare, na ce na yafe a gaban fasto, amma na fi shekara biyu duk lokacin da na bi ta wannan unguwa sai cikina ya juya. Abin da ya taimake ni shi ne na fara ambaton sunayensu ɗaya bayan ɗaya a addu'ar safe, da fari da ƙyar sunan yake fita, har ranar da na lura na roƙa wa ɗan ɗayansu lafiya kuma da gaske nake. Ni a fahimtata bakwai sau saba'in ɗin nan har da laifi guda ɗaya da yake ta dawowa zuciya, kana sake sakinsa duk lokacin da ya dawo.

Jibin Ubangiji kuma, ka koma. Bulus ya ce mutum ya auna kansa sannan ya ci, bai ce sai wanda ya daina jin zafi ba. In kana yaƙi da ƙiyayyar, ba kiwonta kake yi ba, teburin nan naka ne.

Ɗan Katolika, Gidan Dare

Ina neman izinin manya in kawo misali ɗaya daga ɓangarenmu. A ranar 13 ga Mayu 1981 wani Baturke mai suna Mehmet Ali Agca ya harbi Paparoma John Paul na Biyu a dandalin Waliyyi Bitrus da ke Vatican. Paparoma ya bayyana cewa ya yafe masa tun yana jinya, kuma a watan Disamba 1983 ya je har kurkuku a Roma ya zauna da shi. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekarar 2000, lokacin da shugaban ƙasar ya yi masa afuwa. Babu wanda ya ce gafarar Paparoma ta ƙarya ce don hukunci ya ci gaba da aiki. A koyarwarmu ma, wanda ya je ya furta zunubin sata a gaban Fada, wato firist, wajibi ne a kansa ya mayar da abin da ya ɗauka gwargwadon ikonsa.

Sai dai ina ganin kada mu sauƙaƙa wa kanmu fiye da kima. A 1 Korintiyawa sura 6 Bulus ya tsawata wa masu kai juna ƙara a gaban alƙalan waje, har ya tambaye su me zai hana su gwammace a cuce su. Wannan aya tana nan, kuma ba ta da daɗin ji. Amma a wannan sura ɗin ya tambaya ko babu mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai iya raba gardama tsakanin 'yan'uwa, ya kuma tsawata wa masu cutar. Ikilisiyar da ba ta so 'ya'yanta su je kotu, nauyi ne a kanta ta zauna ta yi shari'ar gaskiya a cikin gida, musamman a gari irin Sakkwato inda ba mu da yawa, kuma maƙwabtanmu suna kallon yadda muke riƙon amana a tsakaninmu.

Malamin Firamare, Mabera

Baba, Mama, da ɗan'uwana, Allah ya saka muku da alheri. Mama, maganarki ce ta hana ni barci. Daren jiya na zauna da matata, na roƙe ta gafara, sai ta gaya mini cewa kuɗin keken ɗinki da na hayar shago take tarawa, kuma ta yi shiru ne duk watannin nan don ta ga ina cikin damuwa. Ta ce ita ba ta fatan sharri ya same shi, amma ba ta yafe nata kason ba, kuma tana so a faɗa a gabanta cewa albasar ba ta ruɓe ba.

Yau da yamma na ga fasto, ya yarda mu zauna ranar Alhamis tare da dattijo ɗaya da shugabar Zumuntar Mata, matata ma za ta kasance a wurin. Na ƙudura cewa idan ya faɗi gaskiya zan karɓi biya kaɗan-kaɗan, a fara da kason matata, a kuma rubuta wannan karon.

Saura abu ɗaya, Baba. Shaidan da nake da shi kaɗai shi ne dillalin nan, kuma Musulmi ne, dattijo mai mutunci wanda ya ce a shirye yake ya maimaita abin da ya sani a gaban kowa. Fasto yana ganin kawo shi cikin zaman tona asirin ikilisiya ne a waje, ni kuwa ina ganin in ɗan'uwan nan ya sake musantawa ba ni da wata hujja sai shi. Ya dace in roƙe shi ya zo ranar Alhamis ɗin, ko in bari sai an ji abin da ɗan'uwan zai fara faɗa?