Muhawara: Namijin Farar Mujiya Yana Karɓar Matarsa Kwanci?

Mai Tattabaru: Salamu alaikum. Magana ce a kan farar mujiya, mai fuskar nan kamar faifai, wadda ke zama cikin silin da kogon kuka da tsoffin gine-gine. Ni na tsaya a kan cewa miji da mata suna karɓa-karɓa a kwanci kamar tattabaru. Ga tattabara, namiji ya hau da hantsi ya sauka da yamma, mace ta kwana, kwana 17 zuwa 19 a ƙyanƙyashe. Mujiya kuwa kwancinta ya haura wata. Wace tsuntsuwa ce za ta yi wata guda ita kaɗai ba ta fita kiwo? Kuma ana ganinsu su biyu a cikin kogon da rana. Gani ya kori ji.

Malamar Tsuntsaye: Wa alaikumus salam. Malam, ganin gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Namijin yakan yini a gefenta a tsaye, musamman kafin ta fara saka ƙwai da kuma farkon kwanci, amma ba a kan ƙwan yake ba. Hujjar tana cikin mace: gab da kwanci gashin cikinta yana zubewa, fatar wurin ta fito fili, jijiyoyin jini su cika ta. Wannan fatar ce ke taɓa ƙwan ta ba shi zafi. Namiji ba shi da ita. Ko ya tsuguna a kansu, gashi ne tsakaninsa da ƙwan, gashi kuwa tsare zafi yake yi. Kwana 30 zuwa 34 duk ita ce a kai. Takan tashi ta juya ƙwan da baki, ta fita 'yan mintoci ta yi kashi ta miƙe fiffike, ta dawo.

Mai Tattabaru: To me take ci, Malama?

Malamin Gona: Abin da ya kawo mata. Da magariba ya fita, ya kamo ɓera ko jaba ya miƙa mata baki da baki, ya koma. Babbar mujiya tana cin ƙananan ɓeraye uku zuwa huɗu a dare, shi ke nan shi ciki biyu yake farauta wa. In dare ya yi kyau za ka ga ragowar ɓeraye jibge a kusurwa, ajiyar daren da ba a samu ba. Ita ma ba ta asarar zaman, lokacin ne take sake gashin fiffike, tunda ba ta buƙatar tashi sosai.

Dakta: Kuma kuskuren yana da sauƙin faɗawa, domin sun yi kama. Mace ta ɗan fi nauyi, ƙirjinta ya fi yawan ɗige-ɗige, namiji ya fi fari tas. A duhun kogo, in ba ka riƙe wannan ba, sai ka rantse sun yi musanya alhali ita ce ta juya ta gyara zama.

Mai Tattabaru: Na ji wannan. Amma ga inda nake ganin tsarin nata ya gaza. Kaza sai ta gama tara ƙwai take kwantawa, kwana 21 'yan tsaki su fito kusan tare. Mujiya tana hawa tun ƙwan farko, tana ƙara ɗaya duk bayan kwana 2 ko 3. Ku lissafa ƙwai shida: ɗan fari ya girmi auta da kwana 10 zuwa 15. Autan ai an haife shi ne don ya mutu.

Malamar Tsuntsaye: Lissafinka daidai ne, kuma ba kai ka fara wannan tunanin ba. David Lack, masanin tsuntsaye na Ingila, ya kawo shi tun shekarun 1940 da 1950. A ganinsa uwa ba ta san yadda ɓera zai kasance bayan wata ɗaya ba, sai ta saka ƙwai da yawa a jere. In abinci ya wadata, duk su rayu. In ya yi ƙaranci, ƙaramin ya mutu da wuri, manyan su tsira da ƙarfinsu, maimakon shida su rame tare su mutu tare. Har takan yagi gawar ta ciyar da sauran, abin ba daɗin gani.

Dakta: Malama, a nan ban bi ki duka ba. Akwai wani bayanin. Ƙwai yana fara motsin halitta da zarar zafi ya wuce kimanin digiri 25, amma ba ya tafiya daidai sai ya kusanci zafin kwanci. Ƙwan da aka bari mako biyu a ƙarƙashin kwano cikin bazara zai yi dungu kafin a hau shi. Hawa da wuri na iya zama ceton ƙwan farko, tazarar 'ya'yan kuma ta biyo baya kawai.

Malamar Tsuntsaye: Da zafi ne kaɗai, Dakta, da ta Ingila mai sanyi ta jira ta gama sakawa. Ita ma tun na farko take hawa. Sai dai zan sassauta a wuri ɗaya: ba kullum manyan ke danne auta ba. Binciken Alexandre Roulin a Jami'ar Lausanne ta Suwizalan ya nuna 'yan mujiyar suna kuka wa juna kafin iyaye su iso, wanda ya fi yunwa a bar masa, wani lokacin babban ya miƙa wa ƙanensa ɓera.

Malamin Gona: Ku bar masana su ƙarasa wannan. Abin da ke kashe sheƙa a aikace sananne ne. Ruwan dare biyu ko uku a jere yana hana namiji farauta, domin gashinsa mai laushi ne, yana jiƙewa. Ajiya ta ƙare, mace ta fita da kanta, ƙwan ya huce. Haka in ya ci ɓeran da ya sha shinkafar ɓera, ko mota ta buge shi: ya mutu, kwancin ya mutu. Sai leƙe. Lokacin saka ƙwai da makonnin farko na kwanci ne ta fi saurin gudu ta bar su, don haka ba a ɗaga murfi, ba a haska tocila.

Mai Tattabaru: Masu kafa mata akwati a gona don maganin ɓera, ciyawa za su shimfiɗa?

Malamin Gona: A'a, Malam. Ba ta saƙa sheƙa. Curin gashi da ƙashin ɓera da take amayowa shi take farfasawa ta saka ƙwai a kai. A sabon akwati ɗan ɓawon katako ya isa ya hana ƙwan gangarawa. Ƙofa kimanin santimita 13, a can sama, daga ƙasan ƙofar zuwa daɓe aƙalla santimita 45, don kada 'ya'yan su faɗo kafin fiffike ya yi ƙwari. A ɗaga shi mita uku ko fiye, a inuwa, kada a rufa da kwano tsirara.

Mai Tattabaru: Na janye batun karɓa-karɓa. Na auta kuwa ina nan a bakana, Dakta bai gamsar da ni ba.