Fita da abokan aiki a kwale-kwalen roba: me za mu tambaya kafin mu biya?

'Yar Nima:

Assalamu alaikum jama'a. A wurin aikinmu nan Accra an tsayar da shawarar fitar yini guda, mu 14, mata 5. Wani daga cikinmu ya ga bidiyon masu tuƙa kwale-kwalen roba a kogi mai gudu tsakanin duwatsu, ya kawo maganar, oga ya amince, aka ɗora mini shirye-shirye. Mai shirya tafiyar ya ce wajen Akosombo ne, wai ko wanda bai iya iyo ba zai iya shiga. Ba wanda ya taɓa yi a cikinmu, kuma aƙalla mutum 4 ba su iya iyo ba. Me zan tambaye shi kafin in tura kuɗi? Wane kaya za mu sa, musamman mu mata? A wane wata ya fi?

Matuƙi:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tambayar farko: wane kogi, daga ina zuwa ina, kuma mataki na nawa? Masu wannan sana'a sun kasa koguna mataki 6. Na 1 ruwa ne mai tafiya da 'yan ƙananan igiyoyi. Na 2 akwai duwatsu, amma hanya a buɗe take, ana hangenta daga nesa. Na 3 igiyar ruwa kan afka cikin kwale-kwale, dole kowa ya tuƙa daidai da umarni. Na 4 da na 5 kifewa ba abin mamaki ba ne, na 6 kuwa ba a kai baƙo. Sababbin shiga iyakarsu na 2, in an matsa na 3.

Bidiyon da abokin aikinku ya gani, da wuya in ba na Jinja ba ne a Uganda, kan kogin Nilu, ko na Zambezi ƙasa da Victoria Falls, inda ake kai baƙi har mataki na 5 tare da ayarin masu ceto. Kogin Volta a wajen Akosombo ba haka yake ba. Madatsar Akosombo ta 1965 tana sama, ta Kpong ta 1982 tana ƙasa tana tare ruwan, don haka abin da za ku tarar wajen gadar Adomi ruwa ne mai faɗi da zurfi, fuskarsa a kwance, ƙarfin jansa kuma ya danganta da yawan ruwan da injinan wuta ke saki. Ga irinku wannan ya ma fi, sai dai ku san abin da kuke saya.

Sai ki ƙirga masa kaya. Kwale-kwale mai tsawon mita 4 zuwa 5 yana ɗaukar mutum 6 zuwa 8, ban da jagora. Ku 14 ke nan kwale-kwale 2, jagora 2, da mutum na uku a ƙaramin kwale-kwale yana biye don tsamo wanda ya faɗa. Rigar ruwa, wato rigar ceto mai hana nutsewa, ga kowa, manya da ƙanana gwargwadon jiki. Hular kwano in akwai duwatsu. Igiyar da ake jefa wa wanda ya faɗa ruwa, mai mita 15 zuwa 20, cikin jakarta a kowane kwale-kwale, famfon iska, kayan faci, akwatin magani, da mota tana jira inda za ku fito. Ki tambaye shi asibitin da ya fi kusa da minti nawa ne a mota. In ya ce ba sai an tsaya bayani a tudu ba, a cikin ruwa za a koya, kada ki tura ko sidi ɗaya.

Maganar wata kuma, Disamba zuwa Maris ya fi kwanciyar hankali. Ku kauce wa Satumba da Oktoba, lokacin da ruwan arewa ke cika tafkin Volta. A Satumban 2023 ne VRA, hukumar da ke kula da madatsun, ta fara sakin ruwa, Mepe da garuruwan da ke ƙasa suka cika da ambaliya. Ki duba sanarwarsu a makon tafiyar.

Uwar Ɗaki Maamobi:

Ƙanwata, bari in ɗauki zancen kaya. Auduga mai kauri ba ta da wuri a nan: wandon jin, jallabiya, abaya, zani. Tana shan ruwa ta yi nauyi, ta naɗe ƙafa. Dogon hijabi ya fi duka haɗari, domin in ya maƙale a reshe ko igiya, wuya zai ja. Ki nemi ƙaramin hijabin wasanni mai kama kai, babu allura, ki cusa bakinsa cikin rigar ruwa. Riga mai dogon hannu irin yadin jesi, da wandon motsa jiki har idon sawu, wanda ba ya shara-shara in ya jiƙe. Launi mai duhu ya fi sutura. Takalmi kambas ko sandal mai maɗauri a dunduniya. Silifas ɗin cale wate ruwan farko zai tafi da shi. Zobe, sarƙa da 'yan kunne a bar su gida, tabarau a ɗaure shi da zare ta ƙeya. Busassun kaya na salla da na komawa su zauna a mota, waya ma haka, guda ɗaya ta isa a jakar da ruwa ba ya shiga.

Rigar ruwa ana ɗaure ta daga maɗaurin ƙasa zuwa sama. In an gama, wani ya kama kafaɗunta ya ja sama da ƙarfi. Ta kai kunne? Ta yi sako-sako, a cikin ruwa za ta rufe fuska ko ta zame. Mata su gwada wa mata. Ko zafi ya dame ki ba a kwance ta sai an taka tudu.

Malamin Asibiti Aboabo:

Gaisuwa daga Kumasi. Abin da ake mantawa shi ne abin da ke cikin ruwan. Tun da aka yi tafkin Volta tsargiya ta yi yawa a yankin. Ƙwayar tana fitowa daga ƙananan katantanwa da ke zama a ruwa mai sanyin tafiya, cikin ciyayin bakin gaɓa, kuma ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Wato wurin hawa da sauka, inda ake tsayawa ana ɗaukar hoto ƙafa cikin ruwa, shi ya fi zama abin tsoro. A hau daga gaɓa mai tsabta, kada a daɗe a tsaye ciki. Wanda ya jiƙa ya je gwaji bayan mako 6 zuwa 8, ko da wuri in ya ga zazzaɓi ko jini a fitsari. Shan praziquantel, maganin tsargiya, washegari ɓarnar kuɗi ne, domin tsutsar da ta girma yake kashewa.

In wani ya ce a sauya zuwa kogin Pra, Offin ko Ankobra, ku tuna da galamse, wato haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba: ruwan ya yi jawur, ba a ganin dutse balle mutum.

Ki tattara bayanin lafiya a asirce, kowa shi kaɗai, ba a zauren WhatsApp na ofis ba: asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, juna biyu, tiyatar kwanan nan, kafaɗar da ke gocewa. Mai asma maganin shaƙarsa ya zauna a hannun jagora. Kowa lita 2 na ruwan sha, karin kumallo mai sauƙi, koko da ƙosai sun isa, a bar waakye sai an fito. Lambar gaggawa 112.

'Yar Nima:

Allah ya saka. To mutum 4 ɗin nan da ba su iya iyo ba fa? Malam Matuƙi, a bar su ko a tafi da su?

Matuƙi:

A ruwa mai kwance da mataki na 2, da rigar da ta kama jiki, suna iya shiga, bibbiyu a kowane kwale-kwale, kusa da jagora a baya. Daga na 3 su tsaya a tudu. Kuma kada ki yarda a yi wa kowa dariya ya shiga don kunyar oga. Wanda ya firgita shi ke cakumar na kusa da shi su faɗa tare.

Ga abin da kowa zai haddace, har da gwanayen iyo, don su ne ma suka fi karya doka. In ka faɗa, kada ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu ko da iya gwiwa ne. Ƙafa kan shige tsakanin duwatsu, ruwan ya turo ka ta baya ya danne fuskarka, ko ƙato ba ya iya ɗagowa. Kwanta rigingine, ƙafafu gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsu a sama, ka ja numfashi tsakanin igiyar ruwa da igiyar ruwa. Bishiyar da ta faɗa cikin kogi ba mafaka ba ce: ruwa na wucewa ta rassanta, mutum ba ya wucewa, sai a yi iyo da ƙarfi a nisance ta. In an jefo igiya, igiyar za ka kama, ba jakar ba, ka ɗora ta a kafaɗa kana rigingine, kada ka naɗa ta a hannu. Mai tsamowa kuma ya kama kafaɗun rigar ruwa, ba hannu ba, ya faɗa da baya cikin kwale-kwale, nauyinsa zai jawo mutumin.

Da yawa daga raunin da ake ji daga filafili ne. Kansa mai siffar T ba a sakinsa, tafin hannu a kai kullum, in ba haka ba haƙorin na kusa ne zai biya. Ana zama a kan gefen roba, ƙafa a soke ƙarƙashin matashin tsakiya. Biyun gaba su ake bi wajen tuƙi, a zaɓi masu sauraro, ba masu muƙami ba.

Direban Tema:

Nawa gajere ne. Ku tashi da an idar da Asuba, ta Tema, Afienya, Kpong zuwa Atimpoku, wajen kilomita 100, awa 2 zuwa 3 gwargwadon cunkoso. Ku fito daga ruwa kafin ƙarfe 3, domin wajen 6 rana ta faɗi. Wanda zai tuƙo motar komawa kada ya taɓa filafili, kafaɗar da ta yini tana tuƙi barci take kawowa a hanya. A ƙirga kawuna sau 3: kafin shiga, bayan fitowa, da kafin mota ta tashi.